Kayan Gara: A Rubuta Awo ko a Bar wa Hannun Kaka?

Duk gidan da aka sa ranar aurar da 'ya a ƙasar Hausa, akwai lissafin da mata ke yi a tsakar gida wanda maza ba su cika sanin zurfinsa ba. Bayan gado da katifa da kayan jere, sai maganar gara: buhun shinkafa nawa, jarkar mai nawa, wace ce za ta yi alkaki, wace ce za ta tsaya kan nakiya, dubulan da cincin bokiti nawa za a cika, kek kuma a gida za a gasa ko sayowa za a yi. A da wannan tambaya ba ta cin lokaci, domin kowane dangi na da tsohuwar da aka sani da aikin, a aika mata da goro ta zo da zanin aikinta ta kwana biyu. Yau a gidaje da yawa tsohuwar ta riga mu gidan gaskiya, ko ƙarfinta ya ƙare, 'ya'yanta da jikokinta kuwa sun ci alkakinta shekara da shekaru ba su taɓa zama sun ga yadda ake kwaɓa shi ba. Sai a shiga nema: a buga wa gwaggo waya, a tambayi maƙwabciya, a duba YouTube, a jira shirin Akushi da Rufi na tashar Arewa24.

A nan gardamar take tashi. Wasu na cewa lokaci ya yi da za a zaunar da kowace gwana a auna abin da take zubawa, a rubuta shi da giram da minti, yadda duk mai son yi za ta buɗe takarda ta yi. Wasu kuma na ganin wannan ɓarnar tawada ce, wai abin da hannu ya sani takarda ba ta ɗaukarsa, kuma ranar da aka mai da alkaki lissafi, ranar ya tashi daga alkaki. Kowane ɓangare na da abin kamawa, ko da yake nauyin hujjojin ba ɗaya ba ne.

Bari mu fara da masu cewa a bar wa hannu, domin maganarsu ta fi ƙarfin yadda 'yan boko ke zato.

Dubi yadda ake alkaki. Alkama ake ɓarzawa, ba a niƙe ta ta yi laushi kamar fulawa, ana son ta da ɗan tsaki-tsaki. A murje ta da mai, a yayyafa ruwa da abin tsami ko yis, a rufe a bar ta ta kwana. Da safe gwana za ta buɗe kwanon ta shinshina, ta ɗan gutsura ta ɗanɗana, daga nan ne za ta san yawan ruwan kanwar da zai kashe tsamin. Ta yi ta murzawa, wata ma a turmi take kirɓawa, har kwaɓin ya haɗe ya yi danƙo. Sai ta mulmula shi siriri da tafin hannu, ta naɗe, ta harɗe bakinsa, ta jefa cikin mai mai matsakaicin zafi. In wuta ta yi yawa bayansa ya ƙone cikinsa na ɗanye, in ta yi kaɗan ya sha mai ya yi nauyi. Da ya yi ja sai a tsame shi da zafinsa a tsoma cikin zuma, ko cikin dafaffen sukarin da aka matsa wa lemon tsami ko aka zuba wa ruwan tsamiya don kada ya daskare ya yi fari a jikinsa. To, tambayi wannan baiwar Allah, "Inna, cokali nawa ne na kanwar?" Amsar da za ki samu ita ce, "Ke 'yar nan, zuba daidai misali, in ya ji ai za ki gani."

Wannan amsa ba rowa ba ce, ba kuma rashin sani ba. Gaskiya ce tsagwaronta. Kwaɓin da ya kwana a Kano cikin sanyin hunturu ba zai yi tsami kamar wanda ya kwana a watan Afrilu ba, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, ɗaki na hucin wuta har asuba. Kanwa ba a masana'anta ake yin ta ba: ungurnu daban, jar kanwa daban, ko dunƙule biyu daga tire ɗaya ba lalle ƙarfinsu ya zo daidai ba. Sabuwar alkamar da aka girbe bana a Kadawa ko kwarin Haɗeja ba ta shan ruwa kamar wadda ta shekara a sito. Hatta mai injin niƙa na da nasa tasiri, wani ya ɓarza da kyau, wani ya zarce. Duk wanda ya rubuta "cokali biyu" ya tsaya a nan, ya faɗi gaskiyar yini ɗaya ne, ya yi ƙarya a sauran kwanakin shekara. Shi ya sa masu wannan ra'ayi ke kafa hujja da karin maganar nan, ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Nakiya ma haka. Kowa na iya faɗin kayanta: shinkafar tuwo, citta, kanumfari, masoro, man shanu, zuma ko sukari. Sirrin yana ga lokacin da za a sauke garin daga suya kafin ya yi ɗacin ƙuna, da lokacin da dafaffen sukari ya kai. Gwana kan ɗiga shi tsakanin babban yatsa da manuni, ta ware su, in ya ja zare ta ce a sauke. Minti biyu aka ƙara, nakiyar sai ta karya haƙori.

Masu cewa a bar wa hannu suna kuma ganin takarda na ɗauka cewa kayan haɗi ba sa canzawa, alhali suna canzawa a ƙarƙashin ƙafarta. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama, ba a ɗage hanin ba sai 1992, kuma a tsakanin nan fulawa ta yi wuya ta yi tsada, aka shiga gauraye-gauraye da wasu garuka. Zumar da kakanninmu suka sani daga amya take, ta yau sai mai saye ya yi da gaske kafin ya kauce wa algus. Wadda ta fahimci abin da kwaɓi ke nema za ta gyara a duk halin da ta samu kanta. Wadda takarda kaɗai ta riƙe, da an taɓa abu ɗaya sai ta rikice.

Akwai wata hujjar tasu da ba ta shafi ɗanɗano ba. Aikin gara gayya ce. Mata goma sun baje tabarma, wasu na murza dubulan da injin taliya, wasu na naɗawa, wata na gaban kasko, ana raha ana habaici, ana yi wa amarya faɗan zaman aure a fakaice. Yarinyar da aka ce ta riƙe matsami ta koyi fiye da suya a wannan yini. In kowa na da takardarta a ɗakinta, me zai sake tara su? Sannan ga maganar abinci: mata da yawa da ke cikin gida da alkaki da dubulan suke tufatar da 'ya'yansu, haɗin da suka gada shi ne jarinsu. Mai cewa su bayyana shi ga duniya kyauta, bai ce ga abin da za su ci gobe ba.

Duk wannan na ji, kuma ban ga ƙarya a ciki ba. Amma masu cewa a rubuta na da tambaya ɗaya da har yanzu ban ji an ba ta gamsasshiyar amsa ba: in mai hannun ta rasu fa?

Koyo da hannu na buƙatar irin rayuwar da ta haife shi, wato babban gida, kaka da jika a tsakar gida ɗaya, biki bayan biki har yarinya ta ga aikin sau ashirin kafin ta yi aure. Yarinyar yau ƙarfe bakwai ta fita makaranta, ta dawo ta wuce Islamiyya, wata tana makarantar kwana, daga nan jami'a, daga nan a kai ta Abuja ko Legas ko Yamai inda ba ta da kowa. Kakarta na ƙauye, sai da Sallah ake ganin ta. Cewa "ta zauna ta koya" abu ne mai daɗin faɗi, amma yaushe, kuma a gaban wa? Abin da ke faruwa shi ne ba a tunawa da alkaki sai saura mako guda biki, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙarshenta a kira mai sayarwa a ba ta kwangila. Ba takarda ce ta watsa gayyar gara ba, ta samu an riga an fara watsewa.

Sannan koyo ta hanyar ɓatawa na mai arahar kaya ne. Wadda ta je kasuwar Singa ta ji kuɗin fulawa da sukari da mai a yau, ba za ta so a ce mata ta gwada sau biyar hannunta zai faɗa ba. Kowane gwajin da ya lalace cefanen kwanaki ne aka zubar. Rubutaccen awo, ko bai kai ta ga gwaninta ba, zai tsallakar da ita manyan ramuka.

Wani abin da masu hannu ba su cika son a faɗa ba shi ne su ma suna awo. Babu gwanar da ke zuba gari da ka. Tana da mudunta, tana da gwangwanin madarar da ya shekara goma a kwandonta, tana da ludayin da ba ta yarda a ɗauka. Matsalar ita ce awon nata ba ya tafiya. Kwanon awo na Dawanau ba shi ne tiyar Maraɗi ba, mudun wani gari ya fi na wani, ga kuma bambancin a cika da tsororuwa ko a shafe baki. Ko kofin da littattafan Turawa ke ambata bai tsira ba, domin kofi ɗaya na fulawa na iya zama giram 120, yana iya kai 150, gwargwadon yadda aka danna shi. Don haka in gwaggo ta ce a waya "gwangwani huɗu", ta faɗi gaskiya, mai sauraro kuma ta ɗauko nata gwangwanin ta yi kuskure da gaskiyarta. Sikeli ne kaɗai ke magana da harshe ɗaya daga Sakkwato har Kumasi.

Masu ganin rubuta girki baƙuwar al'ada ce ta Nasara, su ma tarihi bai goyi bayansu ba. Tun a ƙarni na 10 Ibn Sayyar al-Warraq ya tattara littafin girki a Bagadaza mai ɗauke da haɗi sama da 600, har da kayan zaƙi irin su zalabiya, wadda ita ma kwaɓi ce da ake soyawa a tsoma a zuma. Saboda an rubuta, yau bayan shekara dubu ana iya sanin abin da aka ci a fadar Abbasiyawa. Turawa ma ba da sikeli aka haife su ba. Sai a 1845 Eliza Acton a Ingila ta fito da tsarin jera kayan haɗi da adadinsu da tsawon lokacin dahuwa, sai kuma a 1896 Fannie Farmer a Amurka ta dage kan a riƙa shafe bakin kofi da cokali don awo ya daidaita. Kafin nan su ma sau da yawa "ɗan kaɗan" da "daidai misali" suke yi. Mu kuwa malamanmu sun rubuta fiƙihu da tarihi da waƙa da magani cikin Larabci da ajami, girki galibi aka bar wa baki da hannu, wataƙila don aikin mata ne, alƙalami kuma ya fi zama a zaure. Dubi abin da aka samu da aka saurari tsohuwa ɗaya tak. Baba ta Karo, a ƙasar Zazzau, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta tsakanin 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954, kuma har gobe ana komawa gare shi don sanin yadda aure da biki da zaman gida suke a zamaninta. Tsofaffi nawa ne irinta suka tafi da nasu sanin ba a tambaye su ba?

Kek ne ya fi nuna ƙarfin hujjar masu awo, kuma abin mamaki shi ne ya fi nuna iyakarta. Baƙo ne da ya shigo tare da Turawan mulki, ta hannun kukunsu da azuzuwan koyon girki na makarantun mata, har ya zama ɗan gida a Sallah da suna da gara. Da awonsa ya zo. Tsohon kek ɗin Ingila, wanda Hannah Glasse ta sa a littafinta na 1747, a kan nauyin fam ɗaya aka gina shi, wato kimanin giram 450 na bota, da na sukari, da na fulawa, sai ƙwai. Babu abin tashi a ciki, iskar da aka buga ce ke ɗaga shi, shi ya sa ta ce a yi ta bugu da hannu har awa guda. Bekin foda sai a 1843 Alfred Bird ya haɗa shi a Birmingham. Kek ba ya yafiya. Bekin foda ya yi yawa, ya tashi ya faɗa ya bar ɗaci a harshe. Sukari ya zarce, tsakiyarsa ta lotsa. Ba a ɗanɗana shi a gyara a kan wuta kamar miya, in ya shiga gashi magana ta ƙare. A nan kam duk wadda ta ce ido ya isa, sa'a take nema.

Amma je ki ga yadda ake gasa shi a yawancin gidajenmu. Littafi ya ce a kunna oba a kan digiri 180, alhali gidan ko wutar lantarki babu. Abin da ke akwai babbar tukunya ce da aka zuba wa yashi a gindi aka ɗora a kan garwashi. A shafe gwangwanayen madara ko na kifi da bota, a barbaɗa fulawa, a zuba kwaɓin rabi-rabi, a jera su a kan yashin, a rufe, a ɗibi garwashi a baza a kan murfin don sama ya gasu. Mai gashin na tsugune da mafici, tana rage wuta a nan tana ƙarawa a can, hancinta ne agogonta. In ƙamshi ya canza ta ɗaga murfi a hankali don kada toka ta zuba, ta soka tsinke a tsakiya, in ya fito a bushe ta sauke. Wace takarda ce ta faɗa mata yawan garwashin da ke daidai da digiri 180? Kwaɓin na sikeli ne, gashin na hannu ne. Ko abincin da aka haifa cikin littafi, da ya iso murhunmu sai da ya nemi gwana.

Akwai kuma ɓarnar da rubutu ke yi wadda masu awo ya kamata su amsa. Yawancin abin da ke yawo a wayoyi ba haɗin kowace kaka ba ne. Wata ta kwafa daga wata, ba ta taɓa gwadawa ba, ta canza suna ta watsa. Wata ta ga alkama na da wahala ta mai da rabinta fulawa, ta sa bekin foda a gurbin kanwa, ta bar kwanan kwaɓi don sauri, ta ce wannan shi ne alkakin gargajiya. Da yake nata ne a rubuce, shi ake samu in an nema, shi zai zama asali a wurin 'yan baya. Alkakin Kano da na Damagaram da na Katsina, da bambancin da ke tsakanin gida da gida, duk su narke su koma abu ɗaya. Wannan haɗari ne na gaske. Sai dai in an lura, hujja ce a kan mugun rubutu, ba a kan rubutu ba. Gurbin da masu sani suka ƙi cikewa ne marasa sani suka cike.

Ni dai ina tare da masu cewa a rubuta, amma ba irin rubutun da aka saba gani ba na jerin kaya da lambobi. Karatun zaure ya ishe mu misali: littafi na hannun ɗalibi, malami na gabansa, ba a taɓa cewa ɗaya ya wadatar ba tare da ɗayan ba, amma in malami ya faku littafin ne ke ba na baya wurin kamawa. Abin da ya kamata a rubuta shi ne abin da Inna ke dubawa, ba abin da take zubawa kaɗai ba. Kada a tambaye ta giram nawa, ba ta da shi a ka. A ajiye sikeli a gefenta, a auna kwanon gari kafin ta ɗiba da bayan ta ɗiba, bambancin shi ne awonta. A rubuta watan da aka yi aikin, da irin kanwar, da awa nawa kwaɓin ya kwana. A sake zama da ita a wani yanayin, in na farko da hunturu ne na biyu ya zama da bazara, don a ga inda hannunta ke sauyawa. Sannan a rubuta kalamanta yadda ta faɗe su: har sai ya daina kama hannu, har sai ya ja zare, har sai ƙamshin ɗanyen gari ya fita. Waɗannan alamu su ne rabin ilimin, kuma suna rubutuwa sarai, raini ne kawai ya sa ake tsallake su. Abin da alƙalami ya gaza, kamar naɗin dubulan da harɗin alkaki, wayar da ke hannun kowa ta ɗauki hoton yatsunta suna aiki, da izininta.

Maganar masu sana'a kuwa, babu wanda ya wajabta wa kowa tallata sirrinta. Littafin gida daban, bugawa ga duniya daban. Ƙaramin littafi a cikin adaka, da sunan mai haɗin a saman shafi da garin da ta koyo shi, ya isa ya tsare wa zuri'a gadonta. Wadda kuma ke son koya daga gwanar da ba danginta ba, ta biya ta kamar yadda ake biyan mai koyar da ɗinki. Wannan ma ƙarin hanyar samu ce ga tsofaffin, ba ragi ba.

Saboda haka 'yar'uwa, in Allah ya bar miki kaka ko gwaggo ko inna da ta iya wannan aiki, kada ki jira a sa ranar wata. Sikelin kicin bai kai kuɗin atamfa ɗaya ba. Sayi mudu biyu na alkama, ki ɗauki littafi da biro, ki je ki gaishe ta, ki ce kin zo ta koya miki.